Ranar da Injin Bappa Hammadu Ya Ƙi Mutuwa

Ku samarin yanzu da kuke ganin kashe inji murɗa makulli ne kawai, ban ga laifinku ba, tun da kuka buɗe ido makullin kuka ga yana aiki. Amma akwai ranar da za ka murɗa shi, ka zare, ka jefa a aljihu, ka rufe famfon mai, ka ma fizge tiyon gas ɗin da hannunka, inji kuwa ya ci gaba da ƙara gudu kamar ba da shi kake ba. Mu a sana'a mukan ce inji ya ɓalle. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da injin gas da ya ɓalle ba bai gama koyon aikin nan ba, ko da ya tara sifanu cike da akwati.

Sunana Garba, a Jimeta aka haife ni, a nan kuma na tsufa. Kakana maƙeri ne, ya biyo fatake daga ƙasar Kano, bakin kogin Binuwai ya yi masa, ya zauna. Aikin farko da hannuna ya sani shi ne zuga, ina zaune tsakanin zuga-zugan fatar akuya ina dannawa har kafaɗa ta ƙage. A shekarar da aka sami mulkin kai babana ya kai ni wurin Oga Ndagi, wani Banufe mai gyaran injuna a bakin kogi, inda manyan jirage ke tsayawa da damina su yi lodin gyaɗa da auduga. Gajere ne, mai faɗan tsiya, Hausarsa a cakuɗe da Nufanci da buroka. Na daɗe ina wanke noti da kananzir kafin ya yarda in taɓa nozul, bakin da ke fesa wa inji gas.

Wata rana da hantsi wata akori-kura cike da buhunan gyaɗa ta gangaro bakin kogi. Direba ya tsaya, ya ja wayar kashe inji, mota ta ƙi. Sai ƙara ta soma hawa, hayaƙi mai toka-toka ya turnuƙe wurin. Direban ya dire ya bar ƙofa a hangame, 'yan dako suka zubar da buhuna kowa ya yi ta kansa, ni ma ba zan ɓoye muku ba, bayan wani ganga na tsinci kaina. Oga Ndagi ya ajiye kofin shayinsa, ya haye motar, ya taka kuloci, ya sa babbar giya, ya danne birki da iyakar ƙarfinsa, sannan ya saki kulocin. Mota ta yi zillo, ta girgiza, warin ƙuna ya tashi, ta mutu. Da ya sauko sai ya dubi direban ya ce, "Kuloci ya tafi, inji yana nan. Wanne kake so ka yi kuka a kai?"

Sannan ya kamo ni ta kunne daga bayan gangan.

"Kai, Garba, ka bar gudu ka ji. Injin fetur yana da filogi, ka yanke wuta, ya mutu. Wannan ba ruwansa da wuta. Iska yake matsewa har ta yi zafi, duk abin maiƙo da ya faɗa ciki sai ya kama. Ka hana shi gas, in ya sami hanyar shan baƙin man cikinsa, shi ke nan, ya sami abinci, kai ba ogansa ba ne kuma. Abu ɗaya ya rage maka. Hanci. Ka toshe masa hanci."

Mota dai tana da giya da birki. Injin da ke girke wuri ɗaya, na niƙa ko na famfo ko na jirgi, ba shi da ko ɗaya, sai hancin nan, wato bututun da yake shaƙar iska. A daminar nan na ga abin da ke faruwa in an rasa abin toshewa. Injin wani ƙaramin jirgi ne ya ɓalle a tsakiyar ruwa, muna kallo daga gaɓa. Mai kula da shi ya cusa tawul ɗinsa a bututun, inji ya haɗiye tawul, ya yi tari sau ɗaya, ya ci gaba. Abokin aikinsa ya kifa tafin hannu a kai, da ƙyar aka ɓamɓare shi, jini na tsattsafowa ta fata. Kafin Oga ya isa da kwalekwale sai muka ji wata irin ƙara, hannun fistin ya fasa cikin inji ya fito ta gefe. Aka jawo jirgin da igiya, bai sake tafiya ba har ya ruɓe a nan bakin gaɓa.

Tun daga ranar Oga ya kafa doka. Duk injin da ya bi ta hannunmu, sai an goge bakin bututunsa da magagari ya yi sumul, an sa masa hular kwano mai cirewa da hannu ɗaya, sannan a rataye wani katako kusa da shi, mai faɗi, mai mariƙi, an manna masa robar tsohon tub ɗin taya a fuska guda. Ba tsumma, don inji zai haɗiye. Ba hannu, don ka ga abin da ya faru. Ruwa kuwa, wanda ya zuba ruwa a hancin inji mai gudu ya kashe shi har abada, don ruwa ba ya matsuwa, ƙarfe ne zai lanƙwashe. In ka kai Oga ya duba aikinka, kafin ya kalli inji sai ya kalli ƙusar da katako ke rataye. In ba katako, ka sha mari, komai kyan aikin.

Da aka yanka jihohi muka faɗa Jihar Arewa maso Gabas, ga kuma yaƙi, jirage suka daina hawowa. Bakin kogi ya yi tsit. Oga Ndagi ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar mini akwatin sifanunsa da guduma da wani ƙarfen auna matsi da har yau ban yarda kowa ya taɓa ba. Na kafa rumfata a Jimeta. Kayan gyara suka yi wuya, sai ka aika Jos ko Maiduguri ka zauna jira, ƙarshe a kawo maka wanda ba shi ba. Muka koyi yanka gaskit daga kwali, muka koyi goge bawul da garin dutse da mai. Abokan cinikina masu injin niƙa ne da direbobi, kuma ban taɓa ganin masu ƙarya kamar direbobi ba. Ka tambayi mutum yaushe ya canja baƙin mai, ya rantse maka makon jiya, ka kwance noti ka ga abu na fitowa kamar kunu.

Dokar katako kuwa ban sake ta ba. Akwai wani tsoho a kasuwa mai sassaƙa allunan makarantar allo, shi kaɗai ke da itace mai tauri da ba ya tsagewa, don haka wurinsa nake sa a yi mini. Hannunsa siffa ɗaya ya sani. Komai na kwatanta masa, abin da zai miƙo mini allo ne sak, har da ɗan kan nan na kamawa. Ni ban damu ba, tunda yana toshe bututu.

Sai shekarar fari ta zo. Damina ta yi rowa, dawa ta bushe a tsaye, shanu suka riƙa faɗuwa a hanya. A cikin wannan hali wani dattijo ya zo rumfata a kan tsohon keke, dogo, siriri, da buzunsa naɗe a bayan sirdi. Ya yi sallama, muka gaisa gaisuwar mutanen Yola wadda ba ta ƙarewa, aka tambayi gida da gajiya da zafi da yara, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Sunansa Bappa Hammadu, daga unguwar Mbamoi a Yola. Akwai wani tafki a fadamar bayan unguwarsu da ke riƙe ruwa da rani, amma ya ja baya ƙwarai, jigo ba ya kai wa. Ya sayar da shanun da fari ya bar masa, yana so in haɗa masa injin ban ruwa, ya shuka masara, shi da gidajen da ke ci a ƙarƙashinsa da maƙwabta.

"Garba am, Garba nawa," ya ce, "rumbu ba komai. In masaran nan bai yi ba, ban san abin da zan gaya wa mutane ba. Saniya kuma babu."

Ya faɗe ta a sanyaye kamar yana ba da labarin wani, haka mutanen Yola suke. Amma na gane. Duk abin da ya mallaka zai koma inji guda, kuma babu na biyu.

Na samo injin wata mota da ta faɗa rami, mai silinda huɗu, na kwance shi ƙwaya-ƙwaya. Zoben fistin sun ci, sababbi kuwa babu su ko a mafarki, na zaɓi masu dama-dama daga matattun injuna na haɗa. Muka kai shi fadama a amalanke, muka girke a kan gungume, na ɗaura bel daga inji zuwa famfo, aka yi masa rumfar zana. Batir babu, sai igiya: a naɗa ta a kan fuli, ƙarfen da ke juya bel, maza su kama su ja da gudu. Ranar da ruwa ya fara fitowa daga tiyo, na ga mata suna guɗa a bakin kwari. Na koya wa Buba, surukin Bappa, magidanci mai natsuwa, yadda ake tayarwa da kashewa. Na nuna musu sandar auna baƙin mai da zanen da ba a wucewa, na nuna musu kwanon tace iska, wanda shi ma akan zuba masa mai kaɗan a gindi don ya kama datti, da nasa zanen. Na kafa ƙusa a jikin dirka na rataye katako, na yi bayaninsa dalla-dalla.

Bappa ya daɗe yana kallon katakon. Ya ce, "Wannan ai allo ne."

Na ce, "Bappa, kamarsa ce kawai. Ba a taɓa rubuta komai a kansa ba. Nan ne wurin zamansa, kada ya gusa."

Ya ce, "To."

Ni ɗan Jimeta, na ɗauka to ɗin nan na yarda ne. Dattijon Yola ba ya musu da kai a fuskarka, balle kana baƙonsa kana yi masa aiki. Zai ce to, ya bari ka tafi, sannan ya yi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Bappa ya kasa jure ganin abu mai siffar allo rataye cikin hayaƙi da baƙin mai, inda maza ke tofar da yawu suna wucewa da takalma. Bayan tafiyata ya sauke shi, ya goge, ya kai gida Mbamoi ya ɗora a saman littattafansa.

Akwai kuskure na biyu, shi ma daga kirki ya fito. Da ya ga mai bai cika kwanon tace iska ba, ya ga kuma sandar awo ba ta jiƙe har sama ba, sai ya ɗauka tausayinsa na ji saboda halin da ake ciki, na rage masa ɗawainiya. Abin ya dame shi. A gidansu ba a miƙa wa baƙo ƙwaryar nono rabi, ina ga abin da ke ciyar da unguwa? Ya aika Jimeta aka sayo baƙin mai, ya riƙa ƙara wa inji da hannunsa da asuba, kaɗan-kaɗan, kamar mai ba doki dusa. Buba ya gani, amma wane suruki ne zai ce wa Bappa ya bari?

Duk wannan ban sani ba ranar da na hau kekena na tafi ɗaure musu bel da ya saki. Masara ta kai kafaɗa, ta fara goyo, lokacin da in ta rasa ruwa ko na ɗan lokaci ne sai ka girbi kara. Rana ta take, an kusa azahar. Tun daga nesa nake jin injin, kuma na ji daɗin muryarsa, don kowane bakanike ya san muryar aikinsa. Ina cikin tura keke a kan kunya sai muryar ta canja. Ta ɗaga kaɗan, ta sake ɗagawa, ba ta sauko ba. Na yar da keken na sheƙa.

Kafin in isa hayaƙi ya rufe rumfar. Bel ya tsinke ya yi sama, inji ya rabu da nauyin famfo, ƙara ta koma kururuwa, ƙasa na rawa a tafin ƙafata. Buba ya ja wayar kashewa har ta fito a hannunsa, ya rufe famfon gas, yana ihu, "Na kashe shi! Wallahi na kashe shi, ya ƙi!" Wani manomi ya taho a guje da bokiti cike da ruwa, na bangaje shi, ruwan ya zube a ƙasa. Na kutsa cikin hayaƙi, na fizge hular bututu na jefar, na kai hannu jikin dirka.

Ƙusa kawai na taɓa.

"Ina katako? Buba, ina katakon?"

"Yana gida! Bappa ya kai gida!"

Gida kuwa tafiya ce, inji ba zai jira ko rabinta ba. Na ji tsoro a ranar, tsoro na gaske, don na san abin da ke zuwa, na taɓa ganinsa a kan ruwa. Ina jin ƙarfe na kaɗawa a ciki. Na waiga ina neman abu mai faɗi: faifai zai bar iska ta wuce, ƙwarya za ta fashe, bakin fartanya a lanƙwashe yake. Buba ya fara tuɓe rigarsa zai cusa, na daka masa tsawa, "Kada ka kuskura! Haɗiyewa zai yi!"

Kowa ya gudu ya koma cikin masara, ban da Bappa. Yana tsaye a bakin rumfa, ya fito ne zai yi alwala, buta a hannu ɗaya, buzunsa a hammata. Yana dai kallon dukiyarsa tana cin kanta. Idona ya sauka a kan buzun. Fatar rago ce mai kauri, tsohuwa, ta sha jima. Ni da na tashi a maƙera na san abu guda game da fata: iska ba ta ratsa ta, shi ya sa ake zuga da ita.

"Bappa, buzun!"

Na san abin da nake roƙo. Abin sallarsa ne, kuma daga baya na ji na mahaifinsa ne. Mutumin da ya kasa barin katako marar rubutu cikin datti, ga shi ina ce masa ya ba ni wurin sujadarsa in kifa a bakin inji. Ya dube ni, ya dubi masarar. Ya ajiye buta, ya shigo cikin hayaƙin da kansa.

Na ninka fatar biyu, gashi a ciki, na ce, "Kama can gefen da hannu biyu, ka ja sosai, kada yatsanka ya matso tsakiya. In ya ja, kada ka saki." Muka ɗaga ta a miƙe kamar fatar ganga, muka sauke a bakin bututu. Inji ya cafke ta da wani irin ƙarfi har gwiwoyina suka bugi gungume. Tsakiyar fatar ta lotsa ciki, gefenta na zamewa daga yatsuna, na naɗe shi a dunƙulen hannu na jingina baya. Bappa na can ɓangaren, hularsa ta faɗi, jijiyoyin wuyansa sun miƙe, bakinsa na motsi. Tsoho ne, amma hannun da ya saba riƙe bijimi ne.

Kururuwar ta shaƙe. Ta koma gurnani, ta koma tari, hayaƙi ya yi baƙi ƙirin. Buba ya yi kabbara zai matso, na ce, "Tsaya! Bai mutu ba!" Don inji mayaudari ne, in ka ɗaga da wuri ya sami numfashi ɗaya sai ya tashi sabo. Muka riƙe har fuli ya yi juyinsa na ƙarshe, ya ɗan koma baya, ya tsaya. Muka ƙara riƙewa. Da muka ɗaga fatar, bakin bututu ya zana mata da'ira baƙa, ta nutse ciki, ta kusa hudawa.

Shiru ya sauka a fadamar har ina jin ɗigar mai a kan gungume. Bappa ya ɗauki hularsa ya kaɗe. Ya ce, "Ya mutu ke nan, ko ya suma?"

Na ce, "Sai na buɗe, Bappa."

Na jira ya huce, na zare sandar awo, na ga mai har wuya. Na buɗe kwanon tace iska, inji ya sha fiye da rabin abin da ke ciki, sauran na malala. Na tambaya wa ya yi wannan. Bappa bai ɓoye ba, ya gaya mini dalilinsa, ya gaya mini na katakon, kansa a ƙasa. Ina da baki, duk Jimeta an san ni da shi, kuma da direba ne ya yi haka da sai ya gwammace bai zo duniya ba. Amma na kasa. Na ce masa kawai inji ba baƙo ba ne, in aka cika masa ƙwarya shaƙewa yake yi, zanen nan shi ne ƙoshinsa. Ya ce, "Na ji." Wannan karon ba to ya ce ba.

Na tsiyaye mai, na cire murfin sama. Sanduna biyu masu tura bawul sun lanƙwashe, gaskit ya ƙone. Na kwanta a ƙasa na buɗe gindi, na bi hannun fistin ɗaya bayan ɗaya ina girgizawa, don in ɗaya ya tsage to magana ta ƙare, babu irinsa daga nan har Maiduguri. Babu wanda ya tsage. Na sa aka juya fuli a hankali, na kafa sukudireba a jikin inji, mariƙinta a kunnena, ina saurare. Lafiya lau yake juyawa. Na ɗaure sandunan a keke na koma Jimeta, kai tsaye maƙerar gidanmu, inda ƙanen babana ya miƙar da su a kan uwar maƙera, yana mirgina su a kan gilashi yana duba haske ta ƙasa har suka daidaita. Na yanka sabon gaskit, na ɗinke bel da jijiya da waya.

Aikin ya ci kwanaki, masara kuwa ba ta san uzuri ba. Duk safiyar da na iso fadama sai in tarar ganye ya ƙara naɗewa. Mata da maza suna jigilar ruwa da tulu da ƙwarya daga tafki, suna zuba wa gindi-gindi, abin da ba zai kai ko'ina ba a gona mai faɗin nan. Babu wanda ya ce mini in yi sauri. Sai dai a kawo mini fura a ajiye, a gaishe ni da aiki, a koma. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar da na gama, bayan azahar ne. Na zuba mai daidai zane, na sa Bappa ya duba da idonsa. Na kafa sabon katako, wannan karon murabba'i, na sa kafinta ya yi shi mummuna yadda ba wanda zai ga girmansa. Na tsaya da shi a hannu kusa da bututu, na ce a ja. Maza suka kama igiya suka ruga, inji ya yi tari ya yi shiru. Aka sake naɗawa. A ja na gaba ya kama, ya yi aman hayaƙi, ya ɗaga murya, hannuna ya matso da katako, sai ya sauko da kansa ya zauna a kan muryarsa ta da. Na ɗora bel. Tiyo ya kumbura, ya yi ɓul-ɓul, ruwa ya fito ja da laka, sannan ya washe.

Na gyara injuna da yawa bayan wannan, na manyan motoci da na asibiti da na masu kuɗi, har na ga zamanin da ake sa wa bututu ƙofar ƙarfe mai mariƙi, ka ja kawai iska ta yanke. Amma in aka tambaye ni aikin da nake alfahari da shi, wannan ne, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Bappa bai yi kabbara da mutane ba. Ya bi ruwan a ƙafa, yana tafe yana tafe tare da bakinsa a cikin kwari, yana ture ɗan ƙasa da sanda inda ya tsaya, har ruwan ya kai kunyar ƙarshe, can gonar da ta fi nisa da tafki. Ni ina biye da shi da mai har gwiwar hannu. A nan ya tsuguna, ya tari ruwan da tafinsa ya yi alwala, don la'asar ta yi. Ya warware buzun. Baƙar da'irar na nan, an wanke ta ƙi fita.

Na ce, "Bappa, na ɓata maka abin salla. Bari in nemo maka wata fatar a Jimeta."

Ya ce, "Useko, na gode, Garba. Mai ba najasa ba ne."

Ya shimfiɗa shi a kan kunya, ya juya shi har da'irar ta koma wajen gabas. Ruwa na wucewa ta gefensa yana shiga gindin masara, inji na bugawa daga nesa. Ya ta da salla, da ya yi sujada goshinsa ya sauka a tsakiyar da'irar, ya daɗe bai ɗago ba.